Sakin da Aka Ɓoye wa Wasila

Wasila tana ban ruwan albasarta a fadamar Badaguishiri, wajen hantsi, ta ji sallamar namiji daga bakin shinge. Ta miƙe da gwangwanin ruwa a hannu. Sai da mutumin ya sake magana ta gane shi. Sadiƙu ne, abokin mijinta Chindo, wanda suka tafi Libiya tare shekara bakwai da suka wuce. Ya rame, ya yi duhu, furfura ta fara fito masa a gemu.

Suka gaisa mai tsawo. Ya tambayi Nana, ɗiyarta, wadda ya bari tana rarrafe. Wasila ta ce tana lakwal, wato makarantar boko, aji uku. Ya tambayi Inna Tsahara, uwar Chindo, ta ce tana nan, sai dai idanun sun rufe gaba ɗaya, ita take ja mata gora har bayan gida.

Sadiƙu ya dube ta. "Har yanzu gidan kike?"

"Ina zan kasance in ba can ba?"

"Allah shi saka miki. Ba kowace mace za ta zauna tana jiyyar tsohuwa ba bayan an rabu."

Wasila ta ajiye gwangwanin a kan kunya. Ta tambaye shi wace rabuwa yake nufi. Nan take fuskarsa ta sauya, ya gane bai san abin da ya taka ba. Ya so ya kauce, ta ce ya faɗa mata yadda abin yake, ba ta son ragi.

Ya faɗa mata. Shekara biyu da suka wuce, a garin Sabha, Chindo ya faɗo daga saman gini ya karye a ƙugu. Da ya ga jiyya ta yi tsawo, ba aiki, ba ranar dawowa, sai ya ce ba zai ci gaba da ɗaure ɗiyar mutane ba. A gaban Sadiƙu ya ɗauki waya ya yi saƙon murya, ya ce ya saki Wasila saki ɗaya, ya tura wa wansa Na'Allah don ya isar mata, da yake ita lokacin ba ta da babbar waya. Bayan wata biyu Sadiƙu da Chindo suka rabu, Chindo ya bi wasu zuwa gabas, lambarsa ta daina shiga.

Da Sadiƙu ya tafi, Wasila ta zauna a bakin rijiya. Ba ta yi kuka ba. Abin da ya riƙa yi mata yawo a kai shi ne shekara biyun nan: salla huɗu da ta yi kitso tana cewa ko zai diro, da addu'ar da take yi masa a matsayin miji, da matan unguwa da take ce wa “baban Nana ya kusa”. Ta ƙarasa ban ruwan, don albasa ba ta san an yi saki ba, ta koma gida ta dama wa Inna fura kamar kullum.

Na'Allah direban babbar motar siminti ne a Malbaza, can yake zaune da iyalinsa. Yakan leƙo gida ranar kasuwa in hanya ta biyo da shi, ya gaida tsohuwa tsaitsaye, ya ajiye ledar goro da sabulu ya wuce. Ranar da ya zo, Wasila ta bi shi har zaure ta durƙusa.

"Yaya, an ce akwai saƙona wurinka."

"Wane saƙo?"

"Wanda baban Nana ya aiko daga Sabha."

Ya tsaya yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce Sadiƙu ya dawo da zafin Libiya a kansa, kada ta biye masa. Ya ce wayar da yake riƙe da ita lokacin ta faɗa ruwa tun tuni. Ya ce ko da Chindo ya yi wata magana, maganar mara lafiya ce, ba abin ɗauka ba. Wasila ta lura bai ce ba a yi ba.

"Yaya, ni dai so nike in san matsayina. Matar aure nike ko ba matar aure ba?"

"Ki tashi ki koma cikin gida. Wa ya kore ki? Mi kika rasa?"

Ta tashi, amma washegari ta ɗaura zanenta na fita ta nufi gidan maigari. Aka kira Na'Allah, aka zauna sau biyu a zauren maigari da dattijai. Shi ya tsaya a kan bai ji komai ba, Sadiƙu ya tsaya a kan a gabansa aka yi. Dattijan suka ba ta haƙuri, suka ce ta ƙara shekara ɗaya ko Allah zai kawo labarin Chindo. Ta ce ta gode, amma shekarar da za ta ƙara, a matsayin wa za ta ƙara ta? Maigari ya dube ta da kyau, ya sa magatakardansa ya rubuta takardar cewa an yi zaman sulhu bai yiwu ba, ya buga hatimi, ya ce ta kai gidan shari'a a Illela.

Uwarta Hawa'u ba ta so ba. Ta ce a danginsu ba a taɓa jin macen da ta tsaya gaban zuzu, wato alƙali, ba, mutane za su ce ta ƙosa da aure ne. Wasila ta ce, "Inna, su ce. Ba su za a tambaya ba gobe kiyama in na mutu ba a san ko matar wa nike ba."

Ran Litinin ta hau kabu-kabu zuwa Illela, takardar maigari a ƙulle cikin leda a haɓar zane. Ta taras da mutane jere a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano: masu rikicin gona, wani makiyayi da rawani har hanci, mata biyu da goyo. Sai wajen azahar layi ya zo kanta. Girfiye, wato magatakardan kotu, mutum ne mai tabarau wanda ba ya ɗaga murya. Ya karanta takardar, ya nemi katin shaidarta, ya tambayi sunan mijin.

Ta sunkuyar da kai. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba.

"Baiwar Allah, ba ni iya rubuta baban Nana a nan," in ji shi.

"Chindo," ta ce. "Chindo Faruk."

Ya rubuta ƙararta da Faransanci, ya karanta mata da Hausa, ta dangwala yatsa. Ya bayyana mata yadda abin zai tafi: za a aika wa Na'Allah takardar kira, ita kuma ta zo da shaidarta. Zuzu ba shi kaɗai yake zama a kan maganar aure ba, akwai malamai biyu a gefensa da suka san addini da al'adar wurin, yana jin ta bakinsu kafin ya yanke. Ya sa mata rana, sati uku masu zuwa.

Ranar ta zo, Na'Allah bai zo ba, aka ce ya yi lodi zuwa Agadas. Aka ɗaga sati biyu. Wasila ta koma, ta cire ciyawa a albasa, ta yi wa Inna wanki, ta ce mata likita take zuwa a Illela saboda ciwon baya. Ƙaryar tana damunta, amma ba ta san ta inda za ta fara faɗa wa makauniya cewa ta kai ɗanta ƙara ba.

A zama na biyu ya zo, cikin babbar riga mai ruwan toka, ya zauna can gefe bai dubi inda take ba. Zuzu matashi ne, bai wuce arba'in ba, Hausarsa irin ta mutanen Damagaram. Ya saurari Wasila, ya saurari Sadiƙu, wanda ya faɗi wata da wurin da abin ya faru har da launin bargon da Chindo yake kwance a kai. Na'Allah ya maimaita abin da ya faɗa a gidan maigari. Zuzu ya juya ga malaman. Babban cikinsu, dattijo mai jan rawani, ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta tabbatar da saki, sai an sami na biyu, ko shi wanda aka aiko wa ya amsa da bakinsa.

Zuzu ya dubi Wasila. Ya ce akwai wata hanya. Mijin da ya yi shekara bakwai ba ya nan, ba aike ba labari, mace tana da ikon neman a raba auren saboda cutuwa. Za a yi cigiyarsa, a jira wa'adin da aka ɗiba, in bai ɓullo ba kotu ta raba. Wannan ba ya bukatar muryar kowa.

Wasila ta ɗaga kai ta dube shi. Sannan ta ce, "Ranka shi daɗe, in na bi wagga hanya, mi za a rubuta?"

"Za a rubuta ke kika nemi rabuwa, don ya tafi ya bar ki."

"To bai bar ni ba. Yana kwance da karaya ya tuna da ni, ya sauke nauyin da ke kainai. In anka rubuta haka an yi mishi ƙarya, kuma ɗiyatai za ta girma ta karanta. Ni ba raba aure na zo nema ba. An riga an raba. So nike a rubuta yadda anka yi."

Zuzu ya ajiye biro. Ya ce hanyar da ta zaɓa ta fi wuya, kuma in ba ta kawo shaida ba, ƙarar za ta faɗi. Ta ce ta ji. Ya ba ta sati biyu.

A hanyar komawa ta yi ta lissafin wa zai iya sani. Sadiƙu ya ce su biyu ne kawai a ɗakin. Ta je wajen mai gyaran waya a kasuwa, ya ce saƙon da ba a wayarta yake ba, ba shi da yadda zai yi. Ta kira lambar Chindo ta ƙarshe ta wayar maƙwabciya, sau shida, wata murya tana amsawa da Larabci.

Ran nan da la'asar tana tsefe wa Inna Tsahara kai a tsakar gida, Nana ta tafi makarantar allo. Tsohuwar ta ce, "Ɗiyata, wanga ciwon baya naki bai jin magani?"

Hannun Wasila ya tsaya. Ta ga ba za ta iya ƙara wata ƙaryar ba. Ta faɗa mata komai, tun daga zuwan Sadiƙu har maganar malam mai jan rawani. Ta yi zaton tsohuwar za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Inna dai ta zauna, idanunta farare suna kallon bango, bakinta yana motsi ba sauti.

Can ta ce, "Na ji shi."

"Wa kika ji, Inna?"

"Chindo. Nan cikin ɗakina Na'Allah ya kunna mini, kina lambu. Sau biyu na sa ya kunna." Ta laluba ta kama bakin tabarma. "Ya ce in kin ji za ki tahi, shi kuwa ɗaki biyu gare shi a Malbaza da ɗiya shidda. Ya ce mu bari har Chindo shi warke, wataƙila shi maida ki. Na ce to. Tsoro na ji, ɗiyata. Wa zai kama hannuna?"

Wasila ta saki gashin. Ta tashi ta shiga madafa ta tsaya a gaban murhun da ba wuta. Na'Allah bai ba ta mamaki ba sosai. Amma wannan tsohuwa da take tauna wa goro don haƙoranta sun zube, wadda take kwana a ƙofar ɗakinta in zazzaɓi ya kama ta, shekara biyu tana jin ta tana cewa “in baban Nana ya dawo”, tana amsa mata da “Allah shi kawo shi”. Ta daɗe a tsaye. Da ta fito ta ƙarasa tsifar, don ba a barin kai rabi.

Kwana uku suna haka. Wasila tana kai mata abinci da ruwan alwala, tana ja mata gora, ba hira. Ba ta roƙe ta komai ba. Ta riga ta yanke a ranta cewa in ranar ta zo ba shaida, za ta je ta tsaya ta ce ba ta samu ba, ta nemi a rantsar da Na'Allah. A rana ta huɗu da safe Inna ta ce, "Yaushe za ki koma Illela?"

"Ran Litinin ta sama."

"Ki wanke mini baƙin zanena. Da ni za ki."

Da ranar ta zo suka shiga motar kasuwa, tsohuwar a gaba kusa da direba. Tun da idonta ya rufe ba ta fita garin ba. A ƙofar gidan shari'a akwai matakala uku, Wasila ta ƙirga mata su ɗaya bayan ɗaya. Na'Allah yana zaune a kan benci yana danna waya. Da ya ɗaga kai ya ga uwarsa, ya miƙe zumbur.

"Inna, mi ya kawo ki nan? Wa ya fito da ke?"

"Ƙafafuna," in ji ta. "Matsa in zamna."

Da aka kira ƙarar, malam mai jan rawani ya ce a fiƙihu ba a tabbatar da saki da shaidar mace, amma ba abin da ya hana a saurari uwa. Zuzu ya ce a ba ta kujera. Ta ƙi, ta ce a tsaye za ta yi magana. Ta dafa sandarta ta faɗi ranar da abin ya faru, bayan ƙaramar salla da kwana tara, da abin da Chindo ya ce, da abin da ita da Na'Allah suka ƙulla. Ba ta rage nata laifin ba. Sannan ta juya fuskarta inda take jin numfashin ɗanta.

"Na'Allah, ni na kusa kwanciya. Ba ni son in tahi da haƙƙin ɗiyar ga. In ka ce ƙarya nike, faɗi a gaban mutane."

Na'Allah ya cire hularsa ya share gumi ya mayar. Ya dubi zuzu, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Inna ba ta ƙarya." Ya sa hannu a aljihu ya ciro wayar, ya daɗe yana nema, ya miƙa wa girfiye. Ashe ko da ya sauya waya, saƙon ya biyo shi, bai taɓa iya goge shi ba.

Girfiye ya ƙure ƙarar ya ɗora a kan tebur. Muryar ta fito a shaƙe, da tari a tsakani. Chindo ya yi sallama, ya gaida Inna, ya ce a faɗa wa Wasila ba don ta yi masa komai ba ne, ya ce ya sake ta saki ɗaya, ta yi iddarta ta nemi wanda zai riƙe ta. Ya ce kada a raba ta da Nana. Ya ce ta yafe masa. Duka bai kai minti biyu ba.

Wasila ta ja gyalenta ta rufe fuska. Nan ne ta yi kukan, a hankali, kafaɗunta kawai suke motsi. Zuzu ya bari sai da ta natsu.

Malaman suka yi shawara a tsakaninsu. Suka ce saki ya tabbata tun ranar da aka furta shi, kuma idda ta cika tun tuni. Zuzu ya faɗi hukunci, girfiye yana rubutawa: aure tsakanin Chindo Faruk da Wasila ya ƙare daga ranar saƙon. Na'Allah ya yi gyaran murya ya ce a al'adarsu yarinyar da ta wuce shekara bakwai dangin uba take komawa. Zuzu ya tambaye shi ajin da Nana take a lakwal. Bai sani ba. Zuzu ya ce uban da kansa ya faɗi abin da yake so, kuma maslahar yarinya tana wajen uwarta, dangin uba suna da ikon ganinta duk lokacin da suka so.

"Maganar tsohuwa fa?" in ji Na'Allah, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba ta cikin ƙarar nan," in ji zuzu.

Malam mai jan rawani ya ce, "Tana cikin wadda za a yi maka can gobe kiyama, in ba ka gyara ba."

Bayan kwana goma Wasila ta koma ta karɓi takardar, mai hatimi biyu. Ba ta iya karanta Faransanci ba, sai ta sa girfiye ya nuna mata da yatsa inda aka rubuta ranar. Daga nan ta yi sati guda tana shirya tsohuwar don komawa Malbaza wajen Na'Allah. Ta wanke mata kaya duka, ta ɗinke zannuwan da suka yage, ta ƙulla maganin hawan jini daban, na ƙafa daban.

Na'Allah ya zo da motar wani abokinsa tare da matarsa Mairo. Wasila ta ja Mairo gefe ta yi mata bayani: ba ta cin tuwon da ya kwana, furarta kada a sa sukari, in za a tashe ta a fara kama gwiwar hannu ba tafi ba, da safe a fitar da ita rana kafin ta yi zafi. Mairo tana ta gyaɗa kai, da alamar tsoro a fuskarta.

Da aka zo shiga mota Inna ta laluba ta riƙe hannun Wasila.

"Kin yafe mini?"

Wasila ta gyara mata mayafi. "Ina kan hanya, Inna. Kin yi abin da ya fi wuya. Sauran ki bar mini lokaci."

"To. Ki kawo mini Nana in an yi hutu."

"Zan kawo ta."

Motar ta tashi. Wasila ta koma ciki ta share ɗakunan, ta rufe ƙofar gidan ta kai wa maƙwabci makullin. Amalanken jaki yana jira da gadonta da kwanoninta da buhun iri. Nana ta hau ta zauna a kan katifa, jakar lakwal a cinya, tana tambaya ko a gidan kaka Hawa'u za a ba su ɗakin da ke kusa da bishiyar dogon yaro. Wasila ta ce za su gani in sun isa, ta ce wa mai amalanken ya bi ta hanyar bayan kasuwa, ta fi kusa.